Gefen Mai Zaman Banza

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Auta ta cika taurin kai, ki yi haƙuri, yau ma ba ta sauya hali ba.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda aka kwana. Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, likita ya ce in ta ci gaba da tsallake zuwa gashin ƙashi, ƙafar hagun za ta sandare ke nan har abada. Umma kuwa ta rantse ba za a ƙara naɗe ta a cusa a tasi kamar buhu ba. Shi ne autarta, mai aiki a kantin magani, ta tattara abin da ta daɗe tana ajiyewa ta nemo tsohuwar jif ta hannu, irin wadda marigayi Baba yake da ita kafin hatsarin da ya yi ajalinsa. Jiya ta kai Yaya, babban wansu, ya ga motar a wurin dillali. Ya zagaya ta, ya duƙa a ƙofar baya, ya miƙe ya ce ba za a saya ba. Dalili kuwa ya ƙi faɗa.

*

Da hantsi dillalin ya iso da motar. Tun daga bakin layi yake danna hon, don kowa ya san ya zo. Auta ta zura takalmi ta fita da gudu ta buɗe get.

Ba-Matsala ake ce wa dillalin, kuma ya ci sunansa. Ko ce masa ka yi injin ya kama da wuta, amsarsa ɗaya ce.

Ya shigo da ita da baya, baƙa wuluk, doguwa, gilasanta masu duhu, an sa wa kujerunta sabuwar riga. Ya tsayar da ita a rumfar motar da tun rasuwar Baba ba abin da ke ciki sai igiyar shanya da mataccen firji. Tsohon tabon baƙin mai yana nan a siminti, motar ta rufe shi daidai.

Auta ba ta cinikin biri a sama. Tun safe ta kira bakanikenta, wanda ake ce wa Dogo duk da sai ya taka taya yake leƙa injin. Yana zaune a kan dakali da jakar kayan aikinsa, ya miƙe ba ko murmushi.

"Hajiya, kin ji injin?" in ji Ba-Matsala yana shafa bonet. "Kamar kyanwa na barci. Wata tsohuwa ce ta riƙe ta, daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida."

Dogo ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari.

"Tsohuwar nan ƙafar ƙarfe gare ta. Dubi robar burki, ta cinye tas. An dai mayar da agogon tafiya baya."

"Ba matsala."

"Shokozoba na baya sun mutu."

"Ba matsala."

"Wannan baƙin kuma ba fentin kamfani ba ne. Fara ce a da."

"Fara, baƙa, duk mota ce. Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Auta ba ta ko kalle shi ba.

"Malam Dogo, injin fa?"

"Injin kam zai kai ki ya dawo da ke. Giya ma lafiya. Bari in duba jikinta."

Ana cikin haka aka ji tsayuwar babur a waje. Yaya ne, da rigar ofis, katin aiki na lilo a wuyansa. Mutum mai ofishinsa da albashinsa, amma tun ranar hatsarin bai ƙara taɓa sitiyari ba, in an tambaye shi ya ce ciwon baya. Abin da kowa ya sani a gidan shi ne, ran nan Baba ke tuƙi, Yaya na zaune a gefensa, Allah Ya fito da shi ko ƙwarzane babu. Motar kuwa Yaya ya ce ta murƙushe, ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Auta tana makaranta a lokacin, labari kawai ta tarar.

Yana ganin motar a rumfa ya tsaya cak.

"Wa ya ce a kawo ta nan?"

"Ni ce. Ina kwana, Yaya."

"Na ce miki ba za a sayi motar nan ba."

"Na ji. Dalili nake jira."

"Tsohuwa ce."

"Na sani. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna."

"Tana shan mai."

"Ni zan zuba."

"Kayan gyaranta wuya gare su. Wata rana za ta ajiye ku a tsakiyar titi, ke da mara lafiya."

"In ta ajiye mu a titi, ai mun fita daga ɗaki ke nan. Yaya, rabon Umma da ganin get ɗin nan tun yaushe?"

Ya cire tabarau ya goge fuska.

"Ki nemi wata. Kowace iri. Ni zan cika miki abin da ya rage."

"Na nema. Ƙananan duk sai an duƙa an nutse a ciki, Umma kuma ba ta iyawa. Wannan kujerarta daidai ƙugu take, keken Umma zai shiga baya ba sai an kwance shi ba. Na auna da igiya, Yaya, ba da ka nake magana ba."

"Akwai irinta da yawa a gari."

"To me wannan ta yi maka?"

Yaya ya kawar da kai.

"Jiya ka duƙa a ƙofar baya, ka tashi kana gumi. Ruwa ba ya tsami banza. Me ka gani?"

"Ni kike tuhuma?"

"Tambaya nake."

"Ni ne babba a gidan nan!"

"Ban musa ba. Amma ƙafar ta Umma ce, ba ta jiran girman kowa."

Ni dai in ban da ina son Auta, da na ce ta yi rashin kunya. Amma wanda ya ga yadda take tashi kullum ta murza ƙafar nan da man zafi kafin ta tafi aiki, ta dawo ta tarar da ita ta ƙara tauri, ba zai ga laifinta ba.

Ta juya ta shige ciki.

Ɗakin Umma na warin man zafi, labule a sake. Keken yana bayan ƙofa a naɗe, an mayar da shi wurin rataye mayafi.

"Umma, motar ta zo."

"Na ji ta. Duk layin nan ya ji ta."

"Ki zo ki gwada shiga."

"A gaban maza baƙi? In na kasa fa?"

"In kin kasa, na mayar masa da kayarsa, ba zan ƙara ta da maganar ba. In kin iya, asibiti za mu."

"Ba zan iya ba, Auta."

"Ba ki gwada ba."

"Ku bar ni da ƙafata, ta gama aikinta."

Auta ta kwashe mayafan ta zube a gado, ta buɗe keken ta kawo shi gabanta ta danne birkinsa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

Umma ta daɗe tana kallonta.

"Ke da ubanki, in kuka kafe, bango ya fi ku sauƙi. Miƙo min mayafi mai kyau, ba wannan tsumman ba."

Suna fitowa suka tarar da Yaya a bakin ƙofar falo, ya tare hanya.

"Auta, don girman Allah, kada ki kai ta wurin motar nan."

Auta ta dube shi. Yaya ba ya roƙo. Tun tana yarinya umarni ta san shi da shi.

"Matsa min, Babba," in ji Umma. Haka take kiransa. "Tun da an fito da ni, sai na ga abin da ake ta haya-haya a kai."

Ya matsa.

Hasken rana ya sa Umma ta kare ido da hannu. Ba-Matsala ya zube yana gaisuwa, Dogo kuma yana can ƙofar gaba yana ɓanɓare robar da ke gefenta. Auta ta tura keken har jikin ƙofar baya, wadda ke bayan kujerar mai zaman banza, wato ta kusa da direba, ta buɗe.

"Kai, na manta 'yar kujerar takawa. Umma, ina zuwa."

Ko juyawa ba ta gama yi ba.

Umma ba ta yi tunani ba, ƙafar ce ta tuna. Ta daman, mai lafiyar, ta miƙe daga kan keken ta shiga ƙarƙashin ƙofar, ta doki wani abu da bakin takalmi.

Ƙiiii.

Wani ƙarfe ya sauko daga cikin motar, busasshen taɓo da tsatsa suna zuba. Matakala ce 'yar ƙarama mai naɗewa. A tsakiyarta akwai zanen fure na ƙarfe, ya yi baƙi amma yana nan.

Ba-Matsala ya tafa hannu.

"Kai! Duk zaman motar nan a hannuna ban san da wannan ba! Hajiya, kin ga ƙari, kyauta kuma!"



Auta ta durƙusa ta sa yatsa a kan furen. Ta san shi. Umma gajera ce, lokacin da Baba ya sayi jif ɗinsa ba ta iya hawa sai an tallafa mata, ita kuma ba ta son a tallafa mata. Shi ne ya kwance kan tsohon gadonta na ƙarfe ya kai wa mai walda, aka yi mata matakala a ɓoye, wadda ba a ganinta sai an doka. A duniya babu ta biyu.

"Kan gadona ne," in ji Umma a hankali.

Auta ta miƙe.

"Yaya, motar Baba ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce ta murƙushe. Ka ce an yanka ta an auna a sikeli."

"Haka na zata za su yi. Wallahi don su yanka na ba su."

"Jiya ka gane ta."

"Na gane ta."

"Ka bar ni ina ta haƙilo kamar mahaukaciya? Me zai hana ka ce, Auta, motar Baba ce, mu bar ta? Wa zai ja da kai?"

Dogo, bawan Allah, bai san dawan garin ba. Ya ɗago kai da robar a hannu, yana ganin taimako zai yi.

"Ai Hajiya ba murƙushewa ta yi duka ba. Ɓari ɗaya ne. Zo ki gani, nan duk walda ce, ƙofar ma ta wata motar ce aka sa. Gefen mai zaman banza ne ya sha dukan."

"Gefen direba fa?"

"Na duba. Ƙofar kamfani ce, ko gilashin ba a sauya ba. Wanda ya tuƙa ta ran nan da ƙafarsa ya fita. Wanda ke nan gefen dai..."

Ya kalli fuskokinsu, ya haɗiye sauran maganar.

Auta ta zagaya gaban motar a hankali. Ta taɓa ƙofar direba. Ta dawo ta taɓa ɗayar, inda fenti ya yi tudu a kan walda. Sannan ta juyo.

"Yaya, wa ya fita da ƙafarsa ran nan?"

"Auta..."

"Kai ka fita ko ƙwarzane babu. Baba aka ciro."

"Ki bari mu shiga ciki."

"A nan za ka faɗa. A gabanta. Wa ke tuƙi?"

Yaya ya jingina da mataccen firjin. Tabarau ya faɗi bai ɗauka ba.

"Ni ne."

Ba-Matsala ya cire hula.

"Wata babbar mota ce a gabanmu," in ji Yaya, idonsa a ƙasa. "Tana tafiyar hawainiya. Na ce zan wuce ta. Baba ya ce dakata. Ya sake cewa dakata. Ban dakata ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Auta.

"A hanyar asibiti ya riƙe rigata. Ya ce in an tambaya, shi ke tuƙi. Ya sa na yi masa alkawari. Auta, kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi."

"Ciwon baya," in ji Auta, tana dariyar da ta fi kuka ciwo. "Shekara da shekaru muna tausayinka, ciwon baya. Ni ina ta jin haushin Baba a raina, ina cewa me ya kai dattijo gudu a hanya. Ka bar ni ina jin haushin mamaci!"

"Ki yafe min."

"Kar ka taɓa ni!"

Hawaye ya ɓalle mata. Abin da take ji fushi ne tsantsa, da baƙin ciki, da kunyar baƙin da ke tsaye suna ji. Ta fizge makullin daga hannun Ba-Matsala ta cilla masa a ƙirji.

"Fitar min da ita! Na fasa. Ba zan zuba guminna a motar da ta ci ubana ba. Yaya, ka samu abin da kake so. Umma, mu koma ciki."

Ta juya ta kama hannun keken.

Keken ba kowa.

Duk hayaniyar nan da ake yi, ba wanda ya lura da tsohuwa. Ta kama maɗaurin da ke saman ƙofa da hannunta mai lafiya, ta taka furen da ƙafar dama, ta ja jikinta har ta sami bakin kujera. Ƙafar hagun ce ta rage a waje, tana reto a kan matakala. Gumi ya jiƙa mata goshi, ta cije leɓe.

Auta ta yi kanta da gudu.

"Kar ki taɓa ni," in ji Umma.

"Za ki faɗi!"

"Na ce kar ki taɓa ni."

Suka tsaya cirko-cirko. Ƙafar da likita ya yi ta fama a ɗaga ko da kaɗan, ƙafar da Auta ke murzawa kullum ba ta amsawa, ta motsa. Ta ɗaga kaɗan ta koma. Ta sake ɗagawa, tana karkarwa, dunduniyar ta goge bakin ƙofa, ta shige ciki.

Umma ta jingina da kujera tana haki. Ta gyara mayafinta, ta ɗora hannu a cinya, kamar jiya ta sauka daga wurin.

"Allahu akbar," in ji Dogo.

"Babba, zo nan."

Yaya ya taho ya durƙusa a gaban matakalar. Bai iya ɗaga kai ba.

"Kana tsammanin yau na sani?"

Ya ɗago a firgice.

"Ubanku idonsa ya fara yana tun kafin ran nan. Ni ke ɗiga masa magani, ya hana ni faɗa muku. Cikin gari yake lallaɓawa, babbar hanya kuwa ya daina. Da na iso asibiti, ko sannu ban gama yi masa ba ya ce min, ni ke tuƙi. Wa ya tambaye shi? Tun a nan na gane."

"Umma, kin sani kika yi shiru?" in ji Auta.

"Shi ya rufa wa ɗansa asiri da numfashinsa na ƙarshe, ni ce zan yaye? Jira nake Babba ya kawo min da bakinsa. Na jira, na jira, har ƙafa ta mutu ina jira."

Yaya ya kifa goshi a kan furen ƙarfen yana kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗa.

"Na rasa miji a motar nan," in ji Umma. "Ɗan kuma da ta bar min, rabinsa ta ba ni. Ya isa haka."

"Umma, ki sauko," in ji Auta. "Zan nemo wata. Wallahi zan nemo."

"Wata mai kan gadona?"

"Zan sa a cire a mayar."

"Ni ba zan sauka ba. Ke kika ce in na iya, asibiti za mu. Na iya ko ban iya ba?"

Auta ta juya. Ta kalli ƙofar da aka yi wa walda, zuciyarta ta ce gudu. Ta kalli ƙafar hagun Umma a cikin mota, takalmin ya karkace amma tana ciki, kuma ba wanda ya sa ta. Don wannan ƙafar ta hana kanta sabon zane, don ita ta koyi tuƙi a filin ƙwallo ana yi mata dariya. Ta share fuska da gefen mayafi.

"Malam Dogo."

"Na'am, Hajiya."

"Tsakaninka da Allah. Gefen nan zai riƙe?"

Dogo ya zagayo gefen. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar da tocila, ana jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Da ya fito ya karkaɗe riga.

"Shasi bai taɓu ba, shi ne ƙashin bayan mota. Wanda ya yi waldar ma ya san aikinsa. Cikin gari, asibiti, kasuwa, za ta yi miki shekaru. Doguwar hanya da gudu kuwa ban ba ki shawara ba. Ba sabuwa ba ce, kar wani ya ruɗe ki."

"Ba sabuwa nake nema ba."

Ta juya wurin dillali.

"Na saya. Amma shokozoba a kanka, kuma agogon da aka mayar baya sai ya fito a farashi."

"Hajiya, a nan fa akwai 'yar matsala..."

"Yau ka san da ita? Ba ni makullin."

Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta naɗe keken ta ɗaga shi ta sa a baya, ya shige ba gardama kamar yadda igiyarta ta faɗa. Ta doki matakalar ta koma maɓoyarta, ta rufe wa Umma ƙofa. Ta nufi gefen direba.

Umma ta sauke gilashi.

"Ba ke ba."

"Umma, na iya. Ina da lasisi."

"Na sani. Gobe ke ce, jibi ma ke ce. Yau Babba zai kai ni."

Yaya ya ja da baya har ya bugi igiyar shanya.

"Umma, ba zan iya ba."

"Ni ma haka na ce ɗazu."

"Hannuna ba zai riƙe ba. Wallahi ko a mafarki na ga sitiyari sai na farka. Kuma wannan motar? Umma, ki yi min rai."

"In ka ga dama mu wuni a nan. Ni dai na zauna."

Ta ɗaga gilashinta.

Auta ta tsaya da makulli a hannu. Kada ku ce ta huce, ba ta huce ba. Ƙirjinta na tafasa, in ta kalli Yaya Baba take gani yana cewa dakata. Amma ta san uwarta, ta san in aka sauke ta yau ba tare da motar nan ta motsa ba, ba mai sake fito da ita daga ɗakin nan.

Ta taka har gabansa.

"Yaya, ban yafe ƙaryar ba tukuna. Wannan maganar tana nan, za mu yi ta."

"Na sani."

"Buɗe hannunka."

Bai buɗe ba. Ta kamo hannun da kanta, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa, ta sa makullin ta naɗe yatsunsa a kai.

Sannan ta zagaya. Ba ta shiga baya kusa da Umma ba. Ta kama ƙofar gaba, wadda aka ciro daga wata motar, ta ja. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe.

"Auta, ba nan ba!" Muryar Yaya ta fashe. "Don Allah ba nan ba! Koma baya!"

Ta hau ta zauna a inda Baba ya zauna. Ta ja bel ta ɗaura. Dogo ya ruga ya wangale get, Ba-Matsala ya matsa jikin bango da hularsa a hannu.

Yaya na tsaye a rana, makullin a hannunsa.

Auta ta miƙa hannu ta tura masa ƙofar direba ta buɗe.

"Shigo, Yaya. In na ce dakata, ka dakata."